Taswirar da Ba Ta da Ruwa

Utaibiyya, Makka
5 ga Rajab

Zuwa ga 'yata Ikram,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yayanki Rakan da sanyin Amurkan nan da kuka ishe mu da labarinsa. Mu nan lafiya lau. Bari in fara da abin da zai kwantar miki da hankali: jinin babanki ya sauka. Likita ya duba shi jiya ya ce babu komai, fushi ne kawai. Ni da ma na faɗa musu haka tun kafin a ƙona man mota.

Ranar Talata kin kira sau goma sha ɗaya. Ina zaune wayar tana ta rawa a kan darduma, shi kuma ya kafa wa bango ido. To ki daina wahalar da kanki. Ya rantse da Allah ba zai ji muryarki ba sai a filin jirgin Jidda, kuma ya ce kafin a ga watan azumi ki kasance a Makka. Na san wata huɗu ya rage miki cikin shekara uku, na kuma san in kin taho yanzu karatun ya tafi a banza. Na faɗa masa. Ya ce gara karatu ya tafi da imani ya tafi.

Ga yadda abin ya faru, tunda Rakan ya ce shi ba ruwansa. Bandar ɗan maƙwabcinmu Hassan, wannan mai tuƙa bas a tashar Kudai, ya shigo gaisuwa. Don neman suna sai ya buɗe wa babanki hoton bidiyon da kika sa ta waya a zauren 'yan uwa, na gidan nan na kan dutse da kike rubutun kammala karatunki a kansa. Yaya, babanki ke nan, ya kalla sau biyu. A na uku ya ajiye kofin shayi ya ce, "Asiya, shekara talatin ina aiki da masu kula da alhazai. Tasha a ƙasa, motoci suna kwasar mutane zuwa sama, kowane rukuni da jagoransa. Ga ƙubba, ga kabari, ga hanyoyi sun zagaye wurin. Ni za a gaya wa? Wani waliyyinsu ne suke yi wa ɗawafi, 'yata kuma tana hawa sau uku a mako."

Na ce masa gidan wani tsohon shugaban ƙasa ne. Ya ce duk haka suke farawa.

Ki gafarce ni, sai da na shiga kicin na yi dariya. Amma da na fito na ga halin da yake ciki, dariyar ta gudu. Tsoro ne yake ji, Ikram, ba mugunta ba. Ke ce autarsa, tun da mahaifiyarki ta rasu ba shi da abin kallo sai ke.

Shawarata ita ce ki rubuto. Ki sa biro a takarda ki ɗauki hotonta ki turo mini, ni zan karanta masa. Kada ki yi da Larabci, Larabci na ofis ne a wurinsa, zai saurare ki kamar mai neman takardar izini. Ki yi da Hausar da na koya miki rubutawa, ko da a karkace. Shekara goma sha biyun da na yi aure a Kano ai ba za su tashi a banza ba. Ki haɗo da zanen wurin, ki faɗi komai dalla-dalla.

Ki ci abinci, na ga kin rame a hoton. Allah ya yi miki albarka.

Gwaggonki,
Asiya

*

Virginia, Amurka
8 ga Rajab

Zuwa ga mahaifina Alhaji Abdulƙadir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da ladabi, Baba, ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ka yi haƙuri da Hausata, ka san rabinta ta tsaya a ƙofar makaranta.

Baba, wallahi ba wurin ibada ba ne. Sunan gidan Monticello, mai shi kuma Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya mutu kusan shekara ɗari biyu da suka wuce. Ni karatuna na tsara filaye da lambuna ne, aikina a can in auna in zana. Ga taswirar da na yi da hannuna, zan bi da kai a kanta.

Abin da ke tsakiya shi ne gidan, na jan bulo. An sare kan dutsen aka daidaita shi kafin a gina. Ƙubbar da ka gani ado ce, ɗakin da ke ƙarƙashinta ba a salla a ciki, ba a ma cika zama a cikinsa ba. Ta yamma da gidan akwai fili mai ciyawa, da siririyar hanya ta furanni a gefensa, da ɗan tafkin ajiye kifi. Layuka biyun da suka fito daga gidan kamar hannuwa, a samansu dandamali ne na shan iska, a ƙarƙashinsu kuma kicin ne da ɗakunan ajiya da rumbun ƙanƙara da wurin dawaki. Akwai hanya ta ƙarƙashin gidan da ta haɗa su. An yi haka ne don wanda ke zaune a falo ya ga sarari da duwatsu, kada ya ga masu aiki.

Ta kudu akwai doguwar hanya mai jerin itatuwa masu ƙananan 'ya'ya, ana ce musu tut. Nan maƙera da masassaƙa suke, da ɗakunan bayi. A ƙasa da ita ne lambun kayan miya, tsawonsa ƙafa dubu, an yanke shi a jikin dutsen kamar matakala ɗaya, an tokare shi da katangar dutse. Ƙasa da lambun kuma gonar 'ya'yan itace ce da inabi. Zobba huɗun da suka kewaye dutsen hanyoyi ne, Baba, na dawaki da kekunan kaya. Babu mai zagaya su don lada.

Motocin bas kuwa, saman ba shi da wurin ajiye mota, shi ya sa ake barin motoci a ƙasa.

Saura kabari, kuma ba zan ɓoye maka ba. Yana gangare kaɗan daga gidan, a maƙabartar danginsa, an kewaye ta da shingen ƙarfe. Wasu baƙi sukan jefa kwabbai ta tsakanin ƙarafan. Ban san me suke nufi ba, ina jin su ma ba su sani ba. Ni ban taɓa jefawa ba, ba na ma tsayawa a wurin. Sallata biyar tana nan yadda ka bar ni da ita, Rakan shaida ne.

Baba, ina son karatun nan, na sha wuya a kansa. Amma in ka ji duk wannan ka ce in taho, zan taho kafin azumi. Zan yi kuka, ba zan yi maka ƙarya ba, amma zan taho. Abin da ba zan iya ba shi ne in riƙe takardar digiri alhali kana fushi da ni.

Ka yafe mini tashin hankalin da na jawo maka. Ina gaida Gwaggo.

'Yarka mai biyayya,
Ikram

*

Utaibiyya, Makka
14 ga Rajab

Ikram 'yata,

Sallama da gaisuwa. Yau da sauƙin zuciya nake rubuto miki, ko da yake kada ki fara guɗa tukuna.

Na karanta masa bayan La'asar. Yana ta gyaɗa kai har muka iso kan kwabban nan. Ke ma dai, wa ya aike ki? Na so in tsallake wurin, sai na tuna ni na ce ki faɗi komai. Ya ce a'uzu billahi, ya tashi ya shige ɗaki. Na ce shi ke nan, na kashe maganar da bakina.

Amma gwaggonki ba ta saduda da wuri. Na kai taswirar shagon buga takardu na bakin titi, aka fitar mini da ita babba kamar ledar cin abinci. Ya ce in kawar masa da ita. Na ce to, na shimfiɗa ta a ƙarƙashin tiren shayinsa na yi tafiyata. Washegari na leƙo na same shi da tabarau a hanci, ya ture tiren gefe, yana bin zobban nan da yatsa. Na yi kamar ban gani ba. Kwana uku yana wannan aiki. A na ukun ya kira ni da wata murya da na daɗe ban ji ba, ya ce, "Asiya, yarinyar nan shekara uku tana karatu, ta zana gida a kan dutse babu ruwa. Ga lambu ƙafa dubu, ga dawaki, ga kicin, har da kifi. Da me suke sha? Da yawu?"

Daga jin haka na san mun tsira. Da taswira yake faɗa yanzu, ba da ke ba.

Zan gaya miki abin da ya hana a gaya muku, in ya ji kuwa sai mu zama mu biyu da ba a ɗaukar wayarmu. Ku kun tashi kun ga babanku da farar riga da mota, yana shiga ofis. Lokacin da mahaifinmu ya rasu Yaya yana da shekara goma sha biyar, ni ina da biyar. A lokacin famfo bai hau gidajen kan dutse ba. Yaya ya ɗauki sanda da garwa biyu ya zama ɗan ga-ruwa. Daga bazan, wato wurin ɗiban ruwan unguwa, yake hawa da su gidajen da ke kan dutse a bayan unguwar Jarwal, ya sauko ya sake, tun daga asuba har rana ta yi zafi, ya koma da yamma. Shekara biyar yana yi, da shi muka ci muka sha. Ƙullin nan na kafaɗarsa ta dama da kuke tambaya kuna yara yana ce muku da shi aka haife shi, sandar ce ta bar masa. Ba ki lura ba in ya yi harami ya zo ɗawafi, inda ake buɗe kafaɗar dama, duk sai ya takura? Bai so a ce muku 'ya'yan mai ruwa a makaranta, shi ya sa ya binne maganar.

To ga tambayoyinsa uku, ya ce in rubuta kamar daga ni suka fito. Na ɗaya, ina rijiya, kuma tana kai rani? Na biyu, zobban nan hawa suke yi ko a kwance suke, ƙananan layukan da suka haɗa su kuma yaya tsayuwarsu? Na uku, ya ce kin zana kabarin mutum ɗaya da shingensa, to waɗanda suka hau da ruwan su ba su mutu ba ne?

Ki amsa masa da kyau, kada ki yi masa amsar littafi. Rantsuwar tana nan, bai janye ba. Amma jiya ya ci tuwo har ya nemi ƙari, ni kuma na yi barcin da rabona da shi tun shigowar Bandar. Shi Bandar ɗin na hana shi shayin gidan nan sai bayan salla.

Allah ya ba ki sa'a. A gaida Rakan, a ce masa na ga jarumtarsa.

Gwaggonki,
Asiya

*

Virginia, Amurka
21 ga Rajab

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaishe ka, ina fatan jiki ya yi ƙarfi. Gwaggo ta aiko mini da wasu tambayoyi uku. Ban taɓa jin kunya a karatuna irin ta ranar ba, don ko ɗaya ban iya amsawa nan take ba. Mako guda na yi ina nema.

Rijiya akwai ta, kusa da kicin, zurfinta ya haura ƙafa sittin. Na mance ban sa ta ba, na ɗauke ta ƙaramin abu. Mai gidan ya bar rubutu a kanta, kuma ba ta da tabbas, takan ƙafe ta daɗe a ƙafe. In ta ƙafe sai a gangara idanun ruwa da ke jikin dutsen a ɗebo. Daga baya ya sa aka haƙa matattarar ruwan sama guda huɗu a kusurwoyin dandamalin nan, su ma sun daɗe suna yoyo kafin a shawo kansu.

Zobban a kwance suke, kusan babu hawa babu gangara. Ƙananan hanyoyin da suka haɗa su ne suke hawa, a karkace, ba su fuskanci dutsen kai tsaye ba. Wasu in ka yi taku goma ka tashi ɗaya, wasu sai ka yi ashirin.

Wannan duk amsar littafi ce, an kuma ce kada in yi maka ita. Don haka ranar Asabar na nemi izini, na cika jarkoki biyu, na faro daga gangaren dutsen na nufi kicin da ƙafa. Sanyi har cikin haƙori. A hanya mai hawa ta farko na ɗauka wasa ne. A ta biyu yatsuna suka mutu, na ɗaure jarkokin da gyalena na rataya a kafaɗa. Da na fito kan zobe, inda ƙasa ta kwanta, sai na ji numfashina ya dawo, na sauya kafaɗa ba tare da na ajiye ba. Kafin in kai sama na zubar da kusan kwatan ruwan a jikina. Sau ɗaya tak na yi, Baba, kuma jarkokina ba su kai rabin garwa ba. Da na isa ƙofar kicin na zauna a ƙasa na yi kuka, ba don gajiya kaɗai ba.

Tambaya ta uku. Bayi ne suka hau da ruwan, su suka sare kan dutsen, su suka yanke lambun. Ɗaruruwa ne suka rayu a wurin. Akwai maƙabartarsu guda da aka gano a ƙasa, daf da inda bas yake ɗaukar mutane. Kabari arba'in da wani abu, wasu da ɗan dutse a kai, babu suna babu rubutu, kamar namu na Makka. Sau nawa na wuce ta gabanta ina sauri kada bas ya tafi ya bar ni. A taswirata ma ba ta shiga ba, takardar ta ƙare kafin a kai wurin.

Malamata ta daɗe tana ce mini zanena yana da kyau amma kowa ya riga ya yi irinsa. Na kai mata tambayoyin nan uku. Ta ce wane ne malamin da ya yi su. Na ce wani masanin duwatsu ne a Makka. Ta ce in sake aikin gaba ɗaya a kan hanyar ruwa, daga idon ruwa zuwa tukunya. A karo na farko na san abin da nake rubutawa.

Amma maganata ta farko tana nan. Rakan ya duba jirgin ashirin da biyar ga Sha'aban, kalmarka kawai muke jira. Ko me ka yanke, na gode da tambayoyin. Kuma Baba, duk abin da kafaɗarka ta ɗauka domin mu, ni alfahari nake da shi.

'Yarka,
Ikram

*

Utaibiyya, Makka
25 ga Rajab

Ikram,

Wa alaikumus salam. Ni ne babanki nake faɗa, Asiya tana rubutawa, kuma na ce ta rubuta har wannan: bakinta ba ya ajiye magana.

Na yi kuskure. Wanda ya shimfiɗa hanya a kwance a jikin dutse, ya karkata mai hawa, ba ɗawafi ne a ransa ba, kaya ne. A kan mai kwanciyar ake sauya kafaɗa, kin gani da kanki. Mu ba mu samu wannan gatan ba, matakala muka hau. Amma kada ki yabi mai gidan da yawa. Wanda ya taɓa ɗaukar garwa ba zai kai gidansa inda ruwa ba ya zuwa ba.

Masu jefa kwabbai, tsakaninsu da Allah. Ke ki bi ta wata hanyar.

Ki ƙaro takarda a ƙasan taswirar ki sa mutanen nan arba'in. Hanyar ruwa ki ja ta da jan biro, ta fi gidan kauri. In za ki sake hawa da jarka, ki naɗe tsumma a kafaɗa, ki jefa ɗan katako a bakin ruwan, ba zai yi tambal-tambal ya zube ba. Kwata guda kika zubar, Ikram. Da a Jarwal ne da an kore ki ran farko.

Rantsuwa kuma na karya ta. Yau Asiya ta dafa shinkafa da kaza, na kai wa mutum goma a Kudai da hannuna, kaffara ta fita. Ki ce wa Rakan ya rabu da jirgin nan. Ki zauna ki gama. In kin rubuta sunan masanin duwatsun a littafinki, ki rubuta aikinsa na gaskiya: Abdulƙadir mai ruwa.

Allah ya yi miki albarka. Gobe bayan La'asar wayar tana hannuna.

Babanki

Ƙari daga mai rubutu: tun yanzu ya sa ta a caji, ya zauna kusa da ita. Don Allah kada ki makara.